Jarkokin Hanyar Agadas

Gwale, Litinin

Assalamu alaikum Alhaji Gwadabe,

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ga filashin kwamfuta nan na ba 'yarka Bahijja ta kawo maka. Fim ne na manya a kan matasan da ke bin hamada ta Agadas don su tsallaka Turai. Ina so in nuna wa 'yan ajinsu ranar Asabar, domin tsofaffin ɗalibanmu biyu sun bi hanyar bara, har yau shiru. Shugabar makaranta ta ce sai shugaban ƙungiyar iyaye, wato kai, ya kalla ya yarda. Don Allah ka duba mana.

Na gode,
Malama Nana Khadija

Ƙofar Ruwa, Talata

Wa alaikumus salam Malama,

Gaisuwa mai yawa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malama, wannan abin za ki kunna wa 'ya'yan mutane? Mace tana naƙuda a bayan mota, maza na tsaye a kanta! Direba yana ashar kamar ba a haife shi ba. Gawa a yashi, ko sutura babu. Ni da furfurata sai da na rufe kwamfuta a minti na arba'in.

Aji biyar na sakandare na tsaya, ban ɓoye wa kowa ba. Amma da hannuna na tashi daga tura baro a kasuwar nan har na kai shago shida, ban taɓa leƙa Turai ba, ban kuma buƙaci fim ya koya mini zama a gida ba. Ban yarda ba. Musamman tawa 'yar, kada ta gani.

Ki huta lafiya,
Alhaji Gwadabe

Gwale, Laraba

Salam Alhaji,

Na ji, kuma wurin naƙudar da ashar ɗin zan iya yankewa. Sai dai na koma minti na arba'in na duba. Babu ko ɗaya daga abin da ka lissafa a wurin. Wani saurayi ne kawai yake girgiza jarkar ruwansa ya ji wayam. Ka ƙarasa kallo, don girman Allah. A ƙarshe masu fim ɗin sun rubuta cewa jarkokin na gaske ne, a hanyar suka tsinto su.

Da girmamawa,
Nana Khadija

Ƙofar Ruwa, Alhamis

Malama, salam.

Na ƙarasa. Wannan takardar na manne bakinta sau biyu, ki karanta ke kaɗai.

Jarkar nan tawa ce. Ba irin tawa ba, tawa. Dubi wuyanta: buhun da aka naɗe ta da shi an ɗinke shi da jan zare, ɗinki uku a gicciye. Duk Kano ni kaɗai ke yin haka, don dillalan Agadas su gane kayana. Shekara goma sha ɗaya ina lodin su mota-mota.

Kin san ana naɗe jarka da buhu ne don a jiƙa shi ruwa ya yi sanyi. To, buhun yana kuma rufe aibi. Tsofaffin jarkokin man gyaɗa nake saye, wadda ta tsage mu narka roba mu liƙe, mu ɗinke buhu a kai. A inuwar shago liƙin nan sai ya yi shekara. Wallahi ban taɓa zama na tambayi kaina kwana nawa zai yi a ranar hamada ba, a ɗaure a jikin mota tana jijjiga. Dillali ya yaba, na ce alhamdulillahi.

Yaron da ya farke buhun a ƙarshen fim ɗin ya sa yatsa a tsagar, na san ɗan wasa ne. Amma wanda ya rubuta sunansa a jikin jarkar, Isma'il, ba ɗan wasa ba ne. Ina yake?

Bahijja ta san ɗinkin nan, tana ƙarama take sa mini zare a basilla. Da ta gani za ta gane. Naƙudar ta dame ni, gaskiya ne, amma ba ita ta sa na rufe kwamfuta ba.

Gwadabe

Gwale, Juma'a

Alhaji,

Na karanta takardarka. Ba wanda zai ji daga bakina. Yara arba'in da biyu ne a ajin, na san shida da ke zancen tafiya. Hukunci yana hannunka.

Wassalam,
Nana Khadija

Ƙofar Ruwa, Juma'a bayan masallaci

Malama, salam.

A nuna gobe. Yanke naƙudar, bar sauran. Na sa an kwance lodin makon nan. Zan zo da jarka ɗaya da wuƙa, in an gama zan farke buhun a gabansu in faɗi sunan mai ɗinkin. Bahijja ta zauna a layin gaba. In ta tashi ta fita, kada ki tsayar da ita.

Allah ya kai mu.
Gwadabe