Ganyen da Akuya Ta Ƙi

Zuwa ga ƙanena Salifu, a Faransa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da karatunka na haɗa magunguna. Mu nan Buza sai godiya, in ka cire yayarka Rabi. Wasiƙa ta uku ke nan tun bayan amsarka. Biyu ka yi shiru, don haka wannan ban liƙe ta ba. Duk wanda ta bi ta hannunsa ya karanta.

Sai da na duba littafin da nake rubuta al'amuran kullum kafin in fara, kada fushi ya sa in ɗora maka abin da ba ka yi ba. Ga yadda aka yi.

Bayan girbi lokotoron asibitin Yamai ya ce Rabi sankarar jini gare ta, kuma ba su da abin ba ta. Na maido ta gida, na rubuta maka. Amsarka layi shida ce, da Faransanci, da guntun jarida a ciki: wai an fara samun maganin cutar daga wani tsiro na Madagaska. Har da hoton furen.

Ka san yadda ake karanta wasiƙa a gidanmu. Inna bisa tabarma, maƙwabta sun cika tsakar gida, ni ina juyawa Hausa. Da na zo wurin, sai na ce "maganin ganye". Shekara ashirin ina koyar da Faransanci a lakkwal, abin da ya zo bakina ke nan.

Ka manta abin da maganin ganye yake nufi wurin Inna? A tsinko, a tafasa, a sha. Ta karɓi hoton ta ce ai ta san shi, shi ne furen da Nasara suka bari ƙofar tsohon gidan kwamandan, wanda ko akuya ba ta ci. Ta ce tunda akuya ta ƙi shi, lalle yana da ƙarfi.

Ina lakkwal Inna ta tafasa shi ta ba Rabi. Kwana uku Rabi tana amai, ita da ko kunu da ƙyar yake zama cikinta. Majo, malamin jinya na dispanser, ya zo ya kifar da tukunyar, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakkwal, ya ce, "Mushe, har da kai?" A bakinsa na ji abin da ya kamata in ji daga gare ka: ganyen lodi-lodi ake tarawa, a tace a masana'anta, a sami ɗan abu kaɗan, kuma allurar jijiya ce, a gaban lokotoro. Wanda aka tafasa a gida guba ne.

Ka san wannan duka, Salifu. Karatunka ke nan. Kalma uku sun isa: kada a sha. Amma jarida ka aiko, mu ga inda ilimi ya kai.

Na sake karanta wasiƙarka har ta fara yagewa. Wata rana in ga laifin nawa ne ni kaɗai. Wata rana in tuna kai ma jiƙon sabara Inna ta yi ta ɗura maka kana ƙarami. Ka san gidan da ka aika wa hoton ganye.

Rabi ba ta jin haushinka, ni ke ji a madadinta. Guntun jaridar yana ƙarƙashin matashinta, wai hannunka ya taɓa shi. Ita ta goye ka har gona a Tabotaki, kana cizon ta a wuya. Yanzu dasashinta ya fara jini, kuma ban ga alamar za ta kai damina ba.

Abu biyu nake so. Ka tambayi malamanka ko allurar tana yi wa irin cutar Rabi, kuma ko za a iya aikowa Yamai. In babu, ka rubuta babu, da Hausa, ka ɗauko hanya. Na gama tsayawa tsakaninka da Inna ina juya magana.

Allah ya ba Rabi sauƙi, ya yafe wa Inna abin da ta yi da kyakkyawar niyya, ya yafe mini bakina. Kai kuma ya kawo ka tana iya gane ka.

Yayanka da ke jiran mai kawo wasiƙu,
Issufu