Kuɗin Gyaran Tukunya ta Biyu

Zuwa ga Baba Akanta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Mama da jikoki. Ya ƙafa? Sau biyu ina kiranka, ina ce maka "kasafi" kana ce mini "wa ya rasu?", shi ya sa na koma takarda. Direban da ke kai sabulu unguwarku zai miƙo maka.

Baba, ofishin da ka bar mini shekara huɗu da suka wuce, yau ba za ka gane shi ba. Ɗan Tsoho, tunda ya hau kujerar mahaifinsa ta shugabancin kamfani, ya sayo mana wata manhaja ta kasafin kuɗi. Kowane sashe ya shigar da abin da zai kashe, ita kuma ta haɗa rahoto da kanta. In abu ya yi daidai ta nuna kore, in da matsala ta nuna ja. Manyan fayilolinka duk an kwashe su an kai sito. Gaskiya ta rage mana wahala, na daina komawa gida da ciwon wuya.

Sai dai layi ɗaya ya ƙi ni: "Gyaran tukunya ta biyu", kowane wata, kuɗi iri ɗaya. Manhajar ba ta yarda da kuɗin gyara sai an haɗa shi da injin da ke cikin rajistar kamfani. Na duba, babu wannan tukunya. Na sauka wurin dafa sabulu da kaina, shugaban ma'aikata ya yi mini dariya, ya ce tun kafin a ɗauke ni aiki aka sayar wa 'yan gwangwan ita. Ni kuwa shekara huɗu ina sa hannu, don na ga haka kake yi. Kashiya mai biyan kuɗi ta ce wata mata ce ke zuwa karɓar kuɗin.

Ƙarshen wata za a rufe kasafi. Don Allah ka fitar da ni duhu.

'Yarka,
Autar ofis

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Wa alaikumus salam. Mun sami takardarki, muna nan lafiya. Ƙafa tana nan tana mulkinta. Mamanki ta ce kunnena lafiya lau, abin da nake so kawai nake ji.

Na karanta sau uku kafin na iya ɗaukar biro. Laifina ne, ranar da zan bar ofis na yi niyyar gaya miki, aka shiga jawabai da hotuna, na ce gobe. Goben ke nan sai yau.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, akwai wani ma'aikaci da muke ce wa Dogo, shi ke kula da tukunya ta biyu. Sau uku ya kawo ƙorafi cewa bakinta ya cinye, sau uku na ce ya jira kasafin baɗi. Wata safiya ta fashe, ruwan soda ya watsar masa a fuska. Ya rayu, amma idon ya tafi. Tsoho, Allah ya ji ƙansa, ya kira ni ya rufe ƙofa ya ce, "A riƙa ba shi albashinsa har ya koma ga Allah." Lauyan da ke tare da mu ya ce kada a rubuta diyya, don rubutawa amsa laifi ne. Sai na ajiye kuɗin a layin tukunyar, na bar shi a nan. Matar da ke zuwa matar Dogo ce. 'Ya'yansu biyar.

Ba takarda, Auta. Mu uku ne a ɗakin, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Ki duba ko na'urar taku tana da wani lungu da za a ɓoye mutum ɗaya.

Naki,
Baba

*

Baba,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da jinkiri, kwana biyu ban san abin da zan rubuta ba.

Na je gidan su Dogo ran Asabar. Ɗaki biyu ne a bayan wani shagon walda. Na tarar da shi zaune a ƙofa yana tsince wake da yatsu, yana jefa tsakuwa a gwangwani. Da na ce daga kamfani nake sai ya miƙe, ya gyara riga. Ya ce, "Ina Akanta? Har yanzu yana lasar yatsa kafin ya buɗe shafi?" Ya tambaye ni ko sabulun yanzu yana kumfa kamar na da. Babbar 'yarsa tana karatun jinya, da wannan kuɗin ake biya mata. Ya yi ta sa wa kamfani albarka har na rasa inda zan sa idona. Na ce gaisuwa ce kawai ta kawo ni.

Lungu kuwa babu. Na zauna da matar da kamfanin manhajar ya turo ta koya mana aiki, na yi mata tambayar kamar misali nake bayarwa. Ta ce, "Ai abin da aka saye ta don shi ke nan, kada kuɗi ya fita ba a san inda ya nufa ba." Ba ta yi ƙarya ba. In na sa Dogo cikin ma'aikata, manhajar za ta nemi lambarsa da sa'o'in aikinsa. In na kai shi layin walwala, sai da takardar amincewar daraktoci. Duk ƙofar da na taɓa, takarda take nema.

Kuma duk wanda ya taɓa layin, sunansa da lokacin suna fitowa. Kullum da safe jan nan ne yake fara gaishe ni, kuma Ɗan Tsoho yana ganinsa a wayarsa.

Ba na jin haushinka, Baba. To, kaɗan. Da ka gaya mini, da tun Tsoho yana da rai na sa ya rubuta ko da layi biyu ne. Saura kwana tara.

Auta

*

'Yata,

Salamu alaikum. Haushinki a kan hanya yake, ban da bakin magana.

Jiya na sa babbar riga na je gidan Ɗan Tsoho, don ban so a gan ni a ofis a ce ke kika kira ni. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, har da durƙusawa. Yaron da nake saya wa alewa yana wasa ƙarƙashin teburina. Na gaya masa komai, ban rage ba, har da sau ukun da na ce Dogo ya jira.

Da na gama ya ce, "Baba, kamfanin nan yanzu ba namu ba ne mu kaɗai. Waɗanda suka zuba kuɗi su suka ce a kawo manhajar, kuma masu bincikensu suna zuwa wata mai kamawa. In na kai maganar nan gaban daraktoci, abin da za su ji shi ne shekara goma sha ɗaya ana gyaran tukunyar da babu ita. Sa hannunka ne a kan bakwai, na Auta a kan huɗu. Kai ka yi ritaya. Ita fa?" Na ce to ya biya daga aljihunsa. Ya ce zai duba, ya kalli agogo. Na yi shekara talatin ina ce wa mutane zan duba, na san abin da take nufi.

Da zai raka ni mota ya ce, "Mu ɗauka ba ka zo ba."

Na zauna na yi lissafin fanshona da na magani. Abin da zan iya cirewa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da Dogo ke karɓa ba. Zan riƙa aikawa duk da haka. Ke kuma kina da yara, kina da haya. Ki goge layin. Ni na ce ki goge, in akwai alhaki a wuyana yake.

Ki yafe mini.

Baba

*

Baba,

Na goge layin ran Laraba. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna eh. Komai ya koma kore. Rahoton da muke yin mako uku a kansa ya fita cikin kwana biyu, aka tara ma'aikata aka tafa mini.

Matar Dogo tana zaune a ɗakin baƙi yanzu haka. Kashiya ta turo ta wurina, ta ce ita ba ta ga sunan a takardar biya ba. Na leƙa na ce mata ina zuwa. Ta ce, "Ba komai 'yata, yi aikinki, ai na saba jira." Awa guda ke nan.

Na san kafin takardar nan ta iso ka, na riga na fita na faɗa mata wani abu. Ban dai san mene ne ba tukuna.

A gaida Mama.

Auta