Wa Ke Shiga da Sunan Baba Injiniya?

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki?

Wani abu ya ɗaure mini kai a wurin aiki. Kin san makullan manhajar da muke bin ayyukan gini a hannuna suke: wanda aka ɗauka aiki in buɗe masa shafi, wanda ya tafi in rufe. To, Baba Injiniya, dattijon nan mai faɗa da ya rasu, an bar shafinsa sai an gama miƙa ayyukansa. Na zo rufewa, sai na ga kullum da hantsi ana shiga da sunansa! Ga izininsa babba, har takardun kwangila yana gani.

Manaja ya ce ɓarawo ne, in rufe kafin ƙarshen mako, kuma in wani sirri ya fita, a bakin aikina. Amma wane irin ɓarawo ne ba ya taɓa takarda ko ɗaya? Saƙonnin murya kaɗai yake buɗewa. Kin san ni da bin diddigi. Na gano daga wayar marigayin ake shiga, gobe zan je gidansa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi.

Ashe ɓarawon namu matarsa ce. Na same ta a falo, wayar na jingine da kofin shayi. Baba ba ya son rubutu, kowane aiki sai dai ya ɗora masa murya, ita kuma su take saurara. Ta ce, "'Yata, a gida ba ya magana. Ban san yana dariya haka ba sai yanzu." Wallahi kunya ta kama ni, don makullin da zan rufe shafin da shi yana cikin jakata.

Barin shafin a buɗe ba zai yiwu ba, ko wayar ta ɓace mun shiga uku. Na roƙi manaja ya bar mata saƙonnin muryar. Ya murtuke fuska, sannan ya ce saƙonnin na kamfani ne, amma in cire mata ɗaya wanda babu sirri a ciki.

Na zaci mai dariyar za ta zaɓa. Sai ta zaɓi wanda yake yi wa magina tsawa, ga ƙarar injin kwaɓa siminti. Na saurara don in tantance, ina mamaki. Can ƙarshe ya ce, "Ku rufe buhunan nan, ni na tafi. Tana jirana, ba ta cin abinci sai na dawo."

Na tura mata, na rufe shafin. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, na daɗe ina kallon tambayar kafin na danna.

Ki gaida maigidanki. Kuma in ya fara surutun nan nasa, ki bar shi ya yi.

Taki har kullum,
Auta