Kujerar da ke Hannun Dama

Romi, 4 ga Maris

Yaya Rhoda,

Ina gaishe ki, ina gai da mai jiki. Na toshe layinki, don kada ki kira ki fara mini wa'azi.

Ke kika ce in zo. Kika ce tun da ɓarin jikin Mama ya taɓu zuciyarta ta yi sanyi, ta manta da auren da na yi da Ekene ba da yardarta ba. Shekara biyu ban taka Narayi ba, ranar Lahadi na wanke ƙafa na zo. Na durƙusa gefen kujerarta ta wajen ƙofa, na ce, “Mama, ki yafe mini.” Sau uku fa, Yaya! Ko kallo ban ishe ta ba. Sai ma ta juya wajen kujerar marigayi Baba, wadda ba kowa a kai, ta ce, “Wa ke kuka?” Na gane saƙon. Wato in je in roƙi kabari.

Kunun gyaɗar da na ajiye mata ko taɓawa ba ta yi ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Shi ke nan, na gode.

Ƙanwarki,
Damaris

Narayi, 9 ga Maris

Damaris sarkin zuciya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Mama Edith ta Zumuntar Mata za ta biyo ta Romi, ita na ba wannan takarda. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga.

Ranar Laraba mun koma asibiti. Na gaya wa likita Mama tana cin rabin tuwo ta ce ta cinye, tana shafa mai a kumatu ɗaya. Ya ba ta takarda ya ce ta zana agogo. Ta zana da'irarta tsaf, sai ta cusa lambobi sha biyun nan duka a gefen dama. Hagu fili fetal.

Ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwarta. Inda jini ya toshe yana saman kunnen dama, ta wajen baya. Ya ce wurin ne ke haɗa abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, sannan ya juya hankalin mutum wajensu. Kuma ɓangaren dama ne ke lura da hagu. Idonta lafiya lau. Kamar ɗakin da ƙwan fitilarsa ke da kyau ne, amma waya ta tsinke a cikin bango. Duk abin da ke hagunta, a wajenta babu shi, kuma ba ta ma san wani abu ya ɓace mata ba. In an yi magana ta hagu, dama take waiwayawa tana neman mai maganar.

Yanzu ki tuna falonmu. Hagun Mama ƙofa ce. Damanta kujerar Baba ce manne da tata, sai bango. Tun da aka binne shi ba wanda ya zauna a kai, ko Fasto in ya zo benci yake ja. Ashe tun da aka sallamo ta, duk ta inda ba ta gani muke gaishe ta. Ni kaina kwana goma ina kumbure-kumbure, ina cewa tsohuwa ta fara raina hidimata.

Na gwada matsar da kujerarta, ta yi ta kuka, dole na mayar. Yanzu sunkuyawa nake ta kan ta Baba in ba ta abinci, bayana ya gaya mini. Amma afuwa ba a nemanta a tsaye, kuma babu wurin durƙuso a wajen. Ki zo ki zauna a kujerar.

Yayarki,
Rhoda

Romi, 12 ga Maris

Yaya,

Na gaishe ki. Na karanta sau biyu, Ekene ma na fassara masa. Na yarda da likitanku.

Amma kujerar Baba? Mutumin da ya rasu bai sake kiran sunana ba? Kuma ga abin da ya fi damuna. A ce na zauna, ta gan ni sarai, ta sake kau da kai. Ranar nan ciwo ne. Wannan karon wane likita ne zai fassara mini? Kin tambaye ta ko tana son ganina?

Ki gaya mini gaskiya, tsoro nake ji.

Damaris

Narayi, 14 ga Maris

Damaris,

Muna lafiya, mai jiki da sauƙi. Ban tambaye ta ba, kuma ba zan tambaya ba, ba ni na yi auren ba. Ban san abin da za ta ce ba. Abin da na sani, ba ta ƙi ki ba tukuna, don ba ta gan ki ba tukuna.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu ina koyon waƙa a coci. Makulli na ƙarƙashin tukunyar fulawa, tuwonta na cikin kula.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.
Rhoda

Narayi, Asabar, a kan teburin falo

Yaya, sannu da dawowa.

Na zauna. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, “Wa ya ce ki zauna a nan?” Na yunƙura zan tashi, sai ta damƙe mini zani da hannun dama.

Ta ce, “Zauna. Shekara biyu, har na kwanta ciwo, ko sau ɗaya ba ki leƙo ni ba.”

Ban gaya mata zuwana na Lahadi ba, ke ma kada ki gaya mata. Na ce, “Mama, na yi laifi.” Ta ce in miƙo tuwon.

Ta cinye duka, ni na juya mata farantin. Gobe bayan sujada ina nan tafe, ki huta da sunkuyo.

Taki,
Damaris