Lasifika Biyar a Ɗakin Gathogo

Nakuru, 4 ga Yuni

Zuwa ga ɗana Muriithi,

Ina gaishe ka, kai da Wanjugu da jikokina. Yaya zafin Mombasa, yaya tarin autarku? Mu nan sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, wai kai da ƙannenka kun yanke shawara a mayar da babanku ƙauye wurin ƙanensa, tunda ciwon suga ya cinye masa idanu. Na karanta masa, ya ce to. Abin da ya ƙona mini rai ke nan. Shekara guda cur ba abin da ke fitowa daga bakinsa sai to. A ba shi shayi ya huce, to. Gathogo fa, wanda ya yi shekara talatin yana ɗaura lasifika a motocin haya da ake kira matatu, direbobi na shakkar bakinsa.

Ni dai ban yarda ba. Na kwashi adashina da na yi niyyar gyara rufin kicin da shi, rufin ya ci gaba da yoyo. Lasifikan nan na kallon fim masu zagaye ɗaki zan sayo, ƙanana biyar da babbar mai ƙugi. Na san za ka ce me makaho zai yi da kayan kallo. Ido ne ya tafi, kunne na nan. Ni ban san komai a kansu ba, don haka dole ya tashi ya raka ni.

Mahaifiyarka,
Nyaguthii

Nakuru, 13 ga Yuni

Ɗana Muriithi,

Da fatan kuna lafiya. Na ji ka ce da ƙanwarka na fara ruɗewa. Na gode.

Mun je kasuwa ranar Talata. Da ƙyar na sa shi ya saka takalmi. A shagon farko mai shago ya ƙure kiɗa har gilashi na rawa, yana cewa mama, wannan sai maƙwabta sun kai ƙara wurin cif, mai unguwa. Babanku ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya ce a kashe kiɗan, a sa fim inda mutane ke magana. Aka sa. Ya ce muryar kamar daga cikin tukunya take fitowa, kuma lasifikan baya abin da na gaba ke faɗa suke maimaitawa, wannan ba zagaye ba ne, rediyo ne mai baki biyar. Muka fita.

A shago na biyu mutumin ya nace in ɗaga babbar in ji nauyi, don kowa ya san mai nauyi ita ce mai maganaɗisun kirki. Na kasa ɗagawa, har na fara kwance bakin jaka. Babanku ya ƙwanƙwasa gefenta da yatsa, ya jingina kunne, sannan ya tambayi mai shagon ko nawa yake sayar da buhun siminti. Ya ce siminti aka zuba a ciki don ta yi nauyi, in bai yarda ba ya kawo sukuddireba a buɗe a gaban jama'a. Bai kawo ba. Muriithi, na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne.

Wadda ya zaɓa a ƙarshe, a shago na uku, ita ce mafi arha a cikin ukun, shilin dubu tara, akwatin katako, ba fitilu masu walƙiya. Ya ce waɗancan manyan lambobi da suke liƙawa a jiki na masu ido ne.

Ba zan ɓoye maka ba, ya faɗi a bakin kwata muna dawowa, gwiwarsa ta goge. Ya zagi kwatar, ya zagi hukumar gari, ya haɗa da ni. Na daɗe ban ji daɗin zagi haka ba.

Mahaifiyarka,
Nyaguthii

Nakuru, 22 ga Yuni

Muriithi,

Ina gaishe ku duka. Ashe ba ka fasa ba. Motar da ka yi haya ta zo jiya da hantsi.

Kwana uku babanku ya yi yana jan waya a bangon falo da lalube. Ya hana ni taɓa komai sai riƙe masa kujera. Sau biyu ya sa na matsar da kabad. Da direbanka ya shigo, ya same shi zaune a tsakiyar ɗaki, ana ruwan sama a fim, ruwan na zuba ta bayanmu har direban ya ɗaga kai ya dubi rufi. Babanku yana ba ni labarin abin da ke faruwa, wai ga doki nan ta hagu, zai wuce ta bayan kujera. Ni mai idon ban gan shi ba sai da ya fito.

Na riga na shirya masifar da zan yi wa direban, tun daga safe nake bitarta. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaure zane. Amma tsoro nake ji, ɗana. Da babanku ya ce to, da ban da yadda zan yi, don ba zan ɗaure shi da igiya ba.

Direban ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce yara ne suka aiko a tafi da shi gida. Babanku ya rage muryar fim ɗin. Sannan ya ce gidan wa, shi ai yana gida. Ya ce a gaya wa Muriithi ba inda za shi, kuma direba ya matsa, ya tare masa lasifikar dama.

Na ba direban ugali, tuwonmu na masara, da ganye, ya ci ya tafi da motarsa wayam. Ka yi fushi da ni iya son ranka, zan ɗauka. Amma ka sani ban buɗe baki ba. Shi ya ƙi, da bakinsa.

Ka gaida Wanjugu. In za ku zo Kirsimeti, nan za ku same mu.

Mahaifiyarka,
Nyaguthii