Kulob Ya Saya, Ba Ɗana Ba

Assalamu alaikum Lubabatu,

Ya yara, ya jikin Inna? Ni lafiya lau nan Fatakwal, ƙafar ma ta fara takuwa, kada ki damu.

Na ji Alhajin da ya sayi kulob ɗin ƙwallon su Tasi'u yana so a rage wa ɗan namu shekaru, a sauya masa suna, wai don Turawa su ɗauke shi. Ki gaya wa Alhajin ban yarda ba! Ni na yi wa yaron nan huɗuba, shekarar da kogin Wudil ya cinye mana gero. In sun kore shi, ya buga a filin makaranta, amma da sunan da na raɗa masa.

Allah ya yi muku albarka.

Mijinki,
Yahuza