Gindin Murhun Ummanki

Ka'akiyya, Makka
3 ga Rajab

Zuwa ga 'yata Shaima,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Rakan. Yaya zafin Jidda? Ni lafiya lau, in ban da gira ɗaya da gefen gemu da suka riga ni tafiya lahira.

Ga yadda aka yi. Ummanki ta cika shekara da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Na ce zan yi sadakar waina a tandarta, kuma da itace, don ta sha faɗa cewa wainar gas ba ta da ƙamshi. Na hau da murhu sutuh, wato saman rufin gida. Sai na tuna mai gidan hayarmu ya shafe rufin da kwalta saboda yoyo, ya kuma rantse in ta narke zai watso min kaya titi. Shi ne babanki, injiniya mai aji huɗu na firamare, ya shimfiɗa katako, ya jiƙa darduma sharkaf ya ɗora, ya aza murhu a kai. Lissafina, ruwa maƙiyin wuta ne. Na manta a Makka nake, inda riga ke bushewa kafin ka gama shanya ta.

Kwaltar mai gida ko gezau. Dardumar ce ta tafi.

Shaima, koriyar nan ce. Wadda Ummanki ta ratso Sudan da ita, wadda kika ce ita kaɗai kike so cikin kayanta, na roƙe ki ki bar min ita shekara ɗaya. Ita ce kusa da hannuna. Na nemi wani dalilin da ya fi wannan, ban samu ba.

Na rubuto ne don in a waya ne, barkwanci zan fara, ke kuma ki kashe.

Ki gaida Rakan.
Babanki, Awwalu

Ka'akiyya, Makka
19 ga Rajab

'Yata Shaima,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya gida? Girata ta fara tsirowa, amsarki ce dai ba ta tsiro ba. Rakan ya ce kin karanta, kin ninke, kin shiga ɗaki.

Na gina wa murhun gindi. Yunus, mutumin Chadin nan mai gina tanderun burodi a Kudai, shi ya koya min, bayan ya yi dariyar da har ya riƙe ciki. Jan bulo ake jerawa da tazara a tsakani don iska ta riƙa ratsawa. Sai farantin ƙarfe a kai, sai yashi kaurin yatsa huɗu, sannan wani bulon a kwance. Ta gaba ya wuce murhu da kamu biyu, saboda garwashin da ke faɗowa. Ya ce ba ruwa ke tare zafi ba, iska ce. Jiya na hura wuta tun hantsi har la'asar, na tsaya a gefensa ba takalmi. Sanyi ƙalau.

Kwana biyu kacal ya ɗauke ni, Shaima. Abin da ke cina ke nan.

Shekara talatin, daga unguwar Jarwal har nan, Ummanki na suya a tsugune, daɓe na gasa mata tafin ƙafa, tana roƙona in gina mata wannan abin. Kullum amsata, sai bayan Hajji. Har nakan ce mata ƙafar Bahaushiya ta fi bulo ƙwari. Takan yi dariya, ni kuwa na ɗauka dariyar gaske ce. Ke kike shafa mata mai a ƙafa, kin fi ni sani.

Wuta ta bar ɗan guntun dardumar, bai fi tafin hannu biyu ba. Ta wajen ƙafa ne, inda dugaduganta suka cinye zaren. Ba zan ba direban motar Jidda saƙo ba, da kaina zan kawo miki ranar Asabar. In kin buɗe, alhamdu lillahi. In ba ki buɗe ba, zan ajiye in juyo, in sake dawowa wata Asabar ɗin.

Bashinki ke nan, shi ko ba komai na san ƙofar da zan tsaya. Nata fa, wace ƙofa zan buga?

Allah ya yi miki albarka.
Babanki mai gira ɗaya da rabi, Awwalu